Baibai da Billen Ummaru Direba

Sunan da aka raɗa masa a coci Donatus, amma in ka shiga tashar motocin Malumfashi da ke Funtua ka tambayi Donatus, sai 'yan kamasho su tsaya kallon juna. Ka ce Baibai, nan take ko mai rake zai nuna maka gindin darbejiyar da ke bayan rumfar lodi, inda wani gajeren mutum mai furfura a gefen kunne yake zaune gaban teburin da ƙafarsa ɗaya bulo ce. Shekara talatin da ɗaya yana yanka hatimi a wurin nan. Takardar makaranta, ta ƙungiyar manoma, ta mai unguwa, duk wadda aka buga wa hatimi daga nan har Kafur, da wuya ka rasa hannunsa a ciki. Shi kuwa hatimi a baibai ake yanka shi a jikin roba, harafin farko a dama, kowanne ya juya baya, don in an danna a takarda ya fito daidai. Nan sunan ya samo asali, ya kuma bi shi har gida. Matarsa Gertrude ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa.

A duk shekarun nan sau ɗaya aka taɓa roƙonsa abin da ba na kasuwa ba. Wata mata ce ta roƙe shi fuskar mijinta, ta ba shi kwana tara. Fuskar tana nan a cikin akwatinsa, ba sai ya nema ba. Amma bari a fara daga farko, don a gane yadda abin da ke hannun mutum ya gagare shi miƙawa.

Ubansa Onyedika ya sauka daga jirgin ƙasa a Funtua bayan yaƙin basasa, da akwati ɗaya na kayan keke, zamanin da auduga take da daraja, manomi in ya kai ta awo sai ya koma ƙauye a kan sabon keke. A Sabon Gari aka haifi Donatus. Da Hausa ya yi wasan ƙasa, da Hausa yake zagi, da Hausa yake mafarki. Sau huɗu a rayuwarsa ya je garin ubansa, kuma duk zuwan sai dangi sun yi masa dariya, wai Bahaushe ya zo. Ya dawo Funtua, yaron da bai kai ɗan cikinsa ba ya ce masa baƙo. Abin haushi dai ba ya ƙarewa. Shi bai taɓa tankawa ba, sai ya ce ai shi dama komai nasa a baibai yake.

Karatu bai yi nisa ba, a aji uku na sakandare ya tsaya. Wani tsoho, Malam Jibo, da ke yanka hatimi a bakin kotu, shi ya koya masa riƙon reza da yadda ake wasa guntun zarto har ya zama wuƙa mai tsinin allura. Ya koya masa ya kalli kalma ya juya ta a cikin kansa tun kafin hannu ya motsa. Donatus ya ƙware har ya fi malamin nasa. Yakan rubuta sunanka daga ƙarshe zuwa farko yana hira da kai, bai ko kalli robar ba.

To, zaman tasha jira ne. Mai hatimi kan wuni bai ga mutum uku ba, sai dai fasinja. Ga su nan a cikin bas tun hantsi, an cusa su huɗu-huɗu a kujerar mutum uku, zufa na zuba, ana jiran mutum ɗaya da ɗan kamasho ya rantse yana hanya. Donatus yana kallonsu ta taga. Wata rana ya ga wata tsohuwa ta rungume kaza a cinya, ita da kazar sun karkatar da kai gefe guda suna hararar direba. Akwai ragowar roba a gabansa. Kafin motar ta cika ya yanka su. Ya shafa baƙar tawada, ya ɗora takarda, ya murza da bayan cokali, ya ɗaga. Sai ga tsohuwa, sai ga kaza. Ya yi dariya shi kaɗai har mai shayi ya tambaye shi ko lafiya.

Daga ranar bai daina ba. Ya yanka mata 'yan kasuwar Kafur da ƙullin daddawa a ka. Ya yanka ɗan sanda yana barci a kafaɗar wani Bafulatani da bai san shi ba. Ya yanka 'yan acaɓa sun yi cirko-cirko a mararraba suna jiran ruwa ya tsagaita, da amarya a gidan gaba ta rufe fuska saura ido ɗaya, da ƙafafun mutum shida suna lilo daga saman buhunan masara a bayan a-kori-kura. Ya ɗaura igiya daga darbejiya zuwa rumfa yana shanya takardun da maƙalen shanyar kaya. Ba ya sayarwa. In ka ga kanka a igiya, ka tsinke ka tafi. Kuma kowa ya ga kansa magana ɗaya yake yi: “Kai! Wallahi ni ne sak.”

Ga inda kuskuren yake, ku riƙe shi. Haruffa yake juyawa, amma fuska yadda ya gan ta haka yake yanka ta, don a ganinsa fuska ba ta da dama ba ta da hagu, ido biyu ne da hanci a tsakiya. In ya buga sai ta fito a juye. Babu wanda ya taɓa ankarar da shi, saboda mutum bai san fuskarsa ba sai a madubi, madubi kuwa a juye yake nuna ta. Kowa abin da ya saba gani da safe ya gani a takarda, ya yi murna ya tafi.

Cikin direbobi akwai Ummaru, mai jigilar Funtua zuwa Malumfashi, ranar kasuwa ya zarce Musawa. Dogo ne, siriri, yana da bille guda da ya taso daga gefen hanci ya gangaro kuncin hagu. Shi ne abokin Donatus. Kwano ɗaya suke cin waina da safe, musu ɗaya suke yi kullum. Ummaru ba ya yarda a ɗauke shi hoto in ba dole ta hukuma ba, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Kullum ya zo wucewa ta ƙarƙashin igiyar nan sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Baibai, ina tausaya maka. Ranar gobe ƙiyama duk waɗannan za a jera maka a ce ka busa musu rai. Da wane numfashin? Kai da hawan bene ke gagara.”

Donatus ya ce, “In an zo kanka zan ce a bar shi haka, ya fi daɗin zama.”

“Ai ba ka da ni.”

Yana da shi. Wata rana da rani Ummaru ya jingina da tagar motarsa yana jiran lodi, ya tura hula gaba, bakinsa na shirin dariya kan wata magana da ba a ƙarasa ba. Donatus ya sace shi a roba mai faɗin tafin hannu biyu, mafi kyawun da ya taɓa yankawa. Da ya nuna masa bugun, Ummaru ya karɓa ya ƙura masa ido. Ya kai yatsa kuncinsa ya shafa billen, ya ce, “A'uzubillahi. Ni ne.” Ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar masa. “Ɓoye abinka. Kar ka rataya ni a igiya, kar kuma Sakinatu ta gani, sai ta ce na fara lalacewa.” Donatus ya yaga takardar a gabansa, ya naɗe robar a tsumma ya sa a ƙasan akwati. Ummaru dai bai iya riƙe magana ba, da ya koma gida da bakinsa ya ba Sakinatu, matar tasa, labari yana dariya.

Bayan shekara biyu, ranar wata kasuwar Musawa, da la'asar sakaliya, ɓarayin daji suka tare hanya. An tsinci motar a gefen gonar dawa, ƙofofi a buɗe, takalma a warwatse. Daga cikin fasinjojin wasu sun dawo bayan wata uku, wasu bayan bakwai, kowa da irin labarin da ba ya son bayarwa. Ɗaya ya ce ya ga an ware Ummaru an yi yamma da shi tun kwana na biyu. Iyakar abin da aka sani ke nan. Lasisinsa da katin ƙungiya da katin zaɓe, duk abin da ke ɗauke da hotonsa, suna aljihun rigar da ya fita da ita. Ya bar Sakinatu da ciki wata biyar.

Tun daga nan tashar ta canza. Mota ba ta tashi in la'asar ta yi. Fasinja ba sa hira, kowa ya ƙura ido gaba yana motsa leɓe. Donatus ya yanka irin waɗannan fuskokin sau biyu, ya ga ba mai tsinkar su daga igiya, ya bari. Masu kwamfuta suka buɗe shaguna a bakin titi, suna fitar da hatimi mai tawada a cikinsa cikin minti goma, har da tambarin mikiya. Hedimastocin da suka yi shekara ashirin suna gaishe shi suka koma wucewa ta bayan rumfa. Sannan ciwon suga ya hau idonsa. Likita a Zariya bai ɓoye masa ba, ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma lallaɓa shi za a yi. Yana ganin mota, yana ganin mutum, amma tsakiyar duk abin da ya ƙura wa ido sai ta zama hazo-hazo. Gertrude, wadda ke sayar da manja da garin kwaki a kasuwa, kullum maganarta ɗaya: yara sun watse, Chizoba na Abuja, su tattara su koma gida. Ya ce wane gidan? Ta ce, “Baibai, kai dai Allah ya shirye ka.” Duk da haka kullum da safe sai ya ɗauki akwatinsa ya tafi gindin darbejiya ya zauna.

Shekara huɗu ta cika, alƙali ya yanke hukunci, aka yi wa Ummaru sallar da ake yi wa wanda ba a ga gawarsa ba. Sakinatu ta yi takaba ta gama. Wanta Murtala ya aiko daga Matazu cewa zai zo ya ɗauke ta ranar Asabar ta sama. Ranar Alhamis da hantsi ta yi sallama a gidan Gertrude, ta zauna a bakin tabarma, 'yarta Amatullahi ta lafe a jikinta. Bayan gaisuwa ta daɗe tana murza bakin hijabi kafin ta yi magana, kuma ba Donatus ta kalla ba, ƙasa ta kalla.

“Baban Chizoba, maigidan ya taɓa ce min ka zana shi.”

“Haka ne, Maman Amatu.”

“Yarinyar nan ta fara tambaya. Wai kamar wa yake.” Ta shafa kan yarinyar. “Ni ma kuma, wallahi kunyar faɗa nake ji, ya fara ɓace min. In na rufe ido ina ganin hularsa, ina jin muryarsa, amma fuskar sai ta ƙi tsayawa. Na san ba ya so. Allah ya yafe min. Ina so in tafi da shi.”

Donatus ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun kafin idonsa ya taɓu. Ashe akwai sauran abin da ke hannunsa wanda babu a shagon kwamfuta. Ya ce ta dawo gobe. Da ta fita ya ciro robar daga ƙasan akwati, ya wanke ta da kananzir, ya nemo takarda mai kauri, ya shafa tawada a hankali, ya murza da cokalin nan nasa da bayansa ya cinye. Bugu ba ya buƙatar ido, hannu ya san hanya. Gertrude ta duba ta ce, “Yesu! Ummaru.” Ta juya ta shiga ɗaki.

Washegari Sakinatu ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta kalla. Donatus yana jiran kuka, har ya tanadi abin da zai ce. Kukan bai zo ba. Ta matsar da takardar nesa, ta dawo da ita kusa, ta karkatar da kai. Can ta ce a hankali, “Wannan ba shi ba ne.”

“Haba, Maman Amatu. Shi da kansa ya gani ya ce shi ne.”

“Billensa a hagu yake. Nan.” Ta nuna ɗaya kuncin, wanda babu komai. “Shekara tara ina zuba masa ruwan alwala, ta wannan gefen nake tsayawa. Wannan kamar wani ɗan'uwansa ne da ban sani ba. Har dariyar ta wancan gefen take tafiya.” Ta ajiye takardar a tabarma, ta ture ta kaɗan da yatsa. “Ka yi haƙuri. In na ba yarinyar wannan, shi za ta riƙe, ni ma in na daɗe ina kallo shi zan riƙe, na gasken ya ƙarasa tafiya.”

A nan Donatus ya gane. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana juya haruffa, wanda ko a mafarki ba ya manta cewa abin da ke dama a roba hagu zai koma, bai taɓa juya fuska ko ɗaya ba. Tsohuwa mai kaza, amarya, ɗan sanda, ɗaruruwan mutanen da suka tsinki kansu daga igiya, duk a baibai ya sallame su. Kunya ta rufe shi. Ya ce, “Ki ba ni zuwa Asabar ɗin tafiyarku. Zan gyara. Ki same ni a tasha kafin ku tashi.”

Da suka fita Gertrude ta ce abin ai mai sauƙi ne, ya kai wa masu kwamfutar nan su ɗauka su juya, ko minti biyar ba za a yi ba. Kai, da ba ta faɗa ba. Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba, ya ce waɗanda suka kashe masa sana'a ba za su taɓa fuskar Ummaru ba, da hannunsa ya ɓata, da hannunsa zai gyara. Ta ce da wane idon? Taurin kai ne, babu wani suna da za a sa masa.

Gyaran na gaskiya shi ne ya sake yanka fuskar a sabuwar roba, a juye, yadda yake yi wa haruffa. Ya saya, ya zauna a gindin darbejiya inda rana ta fi haske. Ya jiƙa bugun da man gyaɗa don zanen ya fito ta baya ya bi sawu, tawadar ta narke ta zama kwaɓa. Ya sake bugawa, ya sake jiƙawa, haka. Ya ce to zai yi da ka. Sai dai duk inda ya sa tsinin wuƙa nan hazon yake sauka, dole ya kalli gefe yana satar ganin aikin da wutsiyar ido. Roba ta farko hanci ya karkace. Ta biyu ido ɗaya ya hau goshi. Ta uku ta yi kama da mutum, ya kira mai shayi ya tambaye shi wane ne wannan, mai shayi ya juya ta sama da ƙasa ya ce ko Buba mai faci ne? Ranar Laraba wuƙar ta shiga babban yatsansa. Ranar Alhamis ya tattara duk bugun da ya yi daga tsohuwar robar, har da wanda Sakinatu ta mayar, ya cusa a murhun mai shayi, wai ba ya son ganin baƙon nan mai bille a dama.

Ranar Juma'a ya wuni bai taɓa komai ba. Robobi biyar da ya lalata suna gabansa. Direbobi suna wucewa masallaci suna cewa, “Baibai, yau ba aiki?” Yana ɗaga musu hannu. Abin da ke ransa shi ne gobe matar nan za ta tsaya a nan, shi kuma ya ce mata me.

Asabar da sassafe dabara ta zo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ya gaji. Tunda billen ne ya sauya gefe, to a mayar da billen. Ya cike tsohon a kan robar asali, ya yanka sabo a ɗaya kuncin, in aka buga sai ya faɗo hagu. Ya san ha'inci ne, dariyar za ta ci gaba da tafiya ta wancan gefen, amma ya ce ko ba komai ta samu abin nuna wa yarinya. Ya je wurin Buba mai faci ya karɓo gam da ɗan guntun tub na taya. Ya yanko siririn zare na roba ya cusa a ramin billen, ya danne da farce har ya kama. Ya juya robar zuwa haske, ya laluba ɗaya kuncin da yatsa, ya kafa wuƙa a gefen hanci. Tsaga ɗaya ce, wadda da can zai yi ta yana hira. Ya ja. Yatsan nan mai ciwo ya ƙi riƙewa, gam ɗin da ya taɓa hannunsa ya sa wuƙar ta zame, ta haura maimakon ta gangara. Ya ji ta a hannunsa tun kafin ya laluba. Ta ratsa ido, ta fita ta goshi.

Bai motsa ba. Yana nan zaune da robar a gabansa har ya ji sallamar Murtala, da ƙarar akwatin ƙarfe da aka dire a ƙasa. Motar Malumfashi saura mutum uku, daga can za su sake hawa ta Matazu. Sakinatu ta matso gaban teburin, yarinyar na riƙe da gefen hijabinta.

“Baban Chizoba, mun zo.”

Ya buɗe baki zai ce bai samu yi ba. Kafin ya yi magana ya ji ta ja numfashi. Ba takarda take kallo ba, babu takarda. Robar take kallo, wadda ba ta taɓa gani ba, baƙa, tana ƙyalli da kananzir, tana kwance a rana.

“Innalillahi,” ta ce. “Ga shi nan.”

Ta ɗauka. A kan roba ai fuskar ba a juye take ba, yadda Donatus ya gan shi ranar nan a tagar mota haka yake, hula a ture gaba, dariyar na tafiya ta gefen da ta saba tafiya. Ta kai yatsa kuncin hagu, kai tsaye, ba ta nema ba. Ta tarar da faci.

“Nan yake. Wa ya toshe masa?” Yatsan ya matsa, ya faɗa cikin sabuwar tsagar, ya bi ta ta cikin idon har goshi. Muryarta ta sauya. “Wa ya sare shi?”

Tun ranar Alhamis ɗin farko abin da ta zo nema yana naɗe a tsumma a ƙasan akwatinsa, daidai, babu abin gyarawa. Miƙawa kawai zai yi. Shi mai hatimi ne, a wurinsa roba ba ita ce abin ba, abin da ta haifa a takarda shi ne abin, ko sau ɗaya bai zo masa a rai cewa ana iya ba mutum robar ba.

“Ni ne,” ya ce. “Yau da safe.”

Ba ta zage shi ba, da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Shekara huɗu ana ce mata ba a san abin da aka yi wa mijinta a daji ba, ga shi yanzu an sa mata a hannu. Amatullahi ta yi ɗage tana jan hannun uwar. “Umma, in gani. Shi ne Baba?” Sakinatu ta kife robar a ƙirjinta, ta sa ɗaya hannun ta kawar da kan yarinyar.

“A'a,” ta ce. “Ba shi ba ne.”

Ta mayar da robar kan teburin, a kife. Ta ce Allah ya saka da alheri, ya gaida Maman Chizoba. Ɗan kamasho yana ta dukan jikin mota yana kiran mutum uku. Murtala ya ɗauki akwatin, suka shiga, aka ja ƙofa. Donatus ya bi motar da ido, yana ganin jikinta da tayoyinta da kayan da aka ɗaure a baya, tagar da suke ce kawai ba ya gani.

Har yanzu yana zuwa tasha. Gertrude ta daina maganar komawa gida, ta daina kiransa Baibai ma, Donatus take cewa, shi kuma ya fi jin zafin wannan. Igiyar tana nan tsakanin darbejiya da rumfa, masu wankin mota ke shanya tsumma a kai. Wuƙaƙen ya ba Buba mai faci. Robar tana aljihun gaban rigarsa. In zama ya yi tsawo sai ka ga ya ciro ta ya ɗora a gwiwa, ba ya kallonta, ya sa farce a kuncin hagu yana ƙoƙarin ɓamɓare facin. Gam ɗin Buba mai kyau ne, an yi shi ne don tayar da za ta je Musawa ta dawo. Duk abin da ya ɓamɓaro sai ya taho da ɗan guntun kuncin.